Mai Raba Faɗa da Buƙatarsa: Manufar Nijeriya Game da Yaƙin Basasar Cadi, 1979 zuwa 1983

Tsakure

Wannan muƙala ta bi diddigin matakan da Nijeriya ta ɗauka game da yaƙin basasar Cadi, tun daga tarukan sulhu na Kano da Legas a 1979, zuwa aika rundunar kiyaye zaman lafiya ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1981, har zuwa artabun tsibiran Tafkin Cadi a 1983. Tambayar da aka sa a gaba ita ce: me ya sa ƙasar da ta fi duk maƙwabtan Cadi yawan jama'a da girman tattalin arziki ta kasa tsayar da ko ɗaya daga cikin yarjejeniyoyin da aka ƙulla a cikin gidanta? Nazarin ya nuna cewa Nijeriya ta shiga rikicin da buƙatu masu cin karo da juna, kuma ba ta shirya biyan farashin ko ɗaya daga cikinsu ba.

1.0 Gabatarwa

Iyakar Nijeriya da Cadi ba ta kai kilomita 100 ba, kuma a cikin Tafkin Cadi take. Wanda ya tsaya ga taswira kawai zai ɗauka maƙwabtakar ta suna ce. Tarihi bai yarda da haka ba. Daular Kanem-Barno ta mallaki gaɓar tafkin gabas da yamma tsawon ƙarnoni. Rabe ya yi mulki daga Dikwa, aka kashe shi a Kusuri a 1900, dab da inda Faransawa suka kafa garin Fort-Lamy, wanda ya koma Injamena a 1973. Ta Cadi alhazan ƙasar Hausa suka riƙa ratsawa da ƙafa zuwa Makka, kuma zuriyar waɗanda suka yada zango ba su tashi ba tana nan a Injamena da Abeshe. Kanwa da bandar kifi da shanu suna gangarowa Maiduguri da Kano, man fetur da kayan kanti suna hawa. Saboda haka duk wutar da ta kama a Injamena, Barno kan fara jin zafinta kafin Legas ta ji labari.

Yaƙin kansa ya girmi shigar Nijeriya cikinsa da shekaru fiye da 10. Cadi ta sami mulkin kai a ranar 11 ga Agusta 1960 a ƙarƙashin Francois Tombalbaye, ɗan ƙabilar Sara daga kudu, wanda ya soke jam'iyyun hamayya a 1962. Zaluncin masu karɓar haraji ya haddasa boren Mangalme a 1965, sannan aka kafa ƙungiyar tawaye ta FROLINAT a garin Niyala na Sudan a watan Yuni 1966. Faransa ta kawo soja a 1969 don ceto gwamnati, Libiya ta mamaye zirin Awuzu a 1973, sojoji suka kashe Tombalbaye a watan Afrilu 1975, Janar Felix Malloum ya hau. A duk wannan lokaci Nijeriya ba ta da wata rawa ta a-zo-a-gani. Nata yaƙin basasar, daga 1967 zuwa 1970, ya isar mata.

2.0 Abin da Ya Tura Nijeriya

Abu na farko shi ne tsoron Faransa, kuma tsoro ne mai tushe. Nijeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a 1961 saboda gwajin bam na nukiliya a Sahara. Bayan haka Faransa ta tallafa wa Biyafara, kuma ƙasashe biyu na kusa da ita, Gabon da Kwaddibuwa, suka amince da Biyafara a matsayin ƙasa. Hafsoshin da suka yi wannan yaƙi su ne ke mulkin Nijeriya a 1979. A wurinsu, sojan Faransa da ya sake sauka a Injamena a 1978 soja ne da ke tsaye a ƙofar Barno.

Na biyu shi ne Libiya. Mu'ammar Gaddafi yana da kuɗin mai, yana da makaman Rasha, yana kuma da ra'ayin haɗe ƙasashen Sahel a inuwa guda. Nijeriya ba ta son a kori Faransa Libiya ta gaje gurbinta.

Na uku kuwa martaba ce. Tun daga amincewa da gwamnatin MPLA ta Angola a 1975, da jawabin Janar Murtala Muhammad a Adis Ababa a watan Janairu 1976, Nijeriya ta ɗauki kanta a matsayin mai magana da yawun Afirka. Ƙasar da ke ja-in-ja da Ingila a kan Rodeshiya, har ta ƙwace kadarorin kamfanin BP a 1979, ba za ta naɗe hannu ba alhali ana yaƙi a bayan gidanta.

Kowace daga cikin waɗannan buƙatu tana da ma'ana idan aka dube ta ita kaɗai. Wahalar tana wajen haɗa su. A Cadi ta wancan lokaci, duk madugun da ya ƙi Faransa jingina yake da Libiya, wanda ya ƙi Libiya kuma yana neman Faransa ko Sudan ko Masar. Don ta sami wanda ba na kowa ba, Nijeriya ta raini nata: wata ƙaramar ƙungiya ta yankin tafki da Kanem da ake kira Runduna ta Uku, wadda ta koma MPLT, a ƙarƙashin Abubakar Abdurrahman. Daga nan matsalar ta samo asali.

3.0 Tarukan Kano

A watan Agusta 1978 Malloum ya naɗa Hissene Habre, tsohon madugun tawaye, firayim minista. Zaman bai yi wata shida ba. A ranar 12 ga Fabrairu 1979 faɗa ya ɓarke a Injamena tsakanin dakarun Habre da na gwamnati, mutanen Goukouni Weddeye suka shigo daga arewa suka taya Habre, mutanen kudu suka tsere daga birnin tare da jandarmomin Kanar Kamougue, aka kuma yi ramuwar gayya a kan Musulmi a garuruwan kudu irin su Mundu da Sar. Cadi ta wayi gari ba gwamnati.

Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kira taro a Kano a watan Maris 1979. Zaɓen Kano maimakon Legas ba a banza ba ne, domin gari ne da fatake da malaman Cadi suka sani, kuma jirgi daga Injamena ba ya daɗewa kafin ya iso shi. Ɓangarori huɗu suka zauna: Malloum, da Habre, da Goukouni, da Abubakar Abdurrahman, a gaban wakilan Nijar da Kamaru da Sudan da Libiya. Aka amince a tsagaita wuta, a fitar da mayaƙa daga Injamena, Malloum da Habre su ajiye muƙamansu, a kafa gwamnatin riƙon ƙwarya, Nijeriya kuma ta aika soja su tsare birnin. Malloum ya sauka ya dawo Nijeriya da zama, inda ya shafe shekara 23.

A fuska, nasara ce babba. Amma akwai tsutsa a cikin goron. Kujerar da aka ba MPLT ta fi ƙarfinta a fagen daga nesa ba kusa ba, kuma kowa a zauren ya san dalili. A ɗaya gefen, an bar wasu a waje, musamman Asil Ahmad, madugun Larabawa mai samun goyon bayan Libiya, da Dakta Abba Siddik, tsohon shugaban FROLINAT. Wanda aka hana shiga ɗaki ba ya da asarar komai idan ɗakin ya rushe.

A nan ya kamata a ɗan tsaya a kan kalmomi, domin Hausa ta bambance abin da harshen diflomasiyya kan cakuɗa. Mai shiga tsakani kai-kawo yake yi da magana, ƙarfinsa shi ne yardar da ɓangarori suka yi masa. Mai raba faɗa da jikinsa yake shiga, ya kuma san zai iya shan naushi. Alƙali hukunci yake yankewa, yana da dogarai. Nijeriya ta so ta zama duka ukun a lokaci guda, alhali tana da ɗa a cikin masu faɗan. Sojan da ta aika, waɗanda ba su kai 1,000 ba, sun yi yawa a ce 'yan kallo ne, sun kuma yi kaɗan a ce za su tilasta wa wani. Habre da Goukouni ba su fitar da mayaƙansu ba, sojan Faransa na nan riƙe da sansaninsu a gefen filin jirgin sama, kuma ba da jimawa ba aka fara kallon baƙin a matsayin sojan mamaya.

Taro na biyu a Kano, a watan Afrilu 1979, ya ƙara dagula lamarin. An gayyato waɗanda aka bari a baya, Habre da Goukouni suka ƙi a raba mulki da su. Masu masaukin suka taƙaita zirga-zirgar mutanen biyu, tamkar ɗaurin talala, don su sassauto. Wannan shi ne kuskure mafi muni da Nijeriya ta yi a rikicin baki ɗaya. Baƙon da aka tsare a gidan sulhu ba zai sake amincewa da maigidan ba. Da suka koma Injamena, sai suka kafa gwamnatinsu a ranar 29 ga Afrilu, suka ɗora Lol Muhammad Shuwa na MPLT a kan kujerar shugaba, Habre ya riƙe tsaro, Goukouni ya riƙe harkokin cikin gida. Dabara ce mai kaifi: an ba Nijeriya mutumin ƙungiyarta, an hana ta tsarin da take so.

4.0 Takunkumi da Yarjejeniyar Legas

Nijeriya ta ƙi amincewa da gwamnatin Lol, haka ma Libiya. Gwamnatin ta ƙaurace wa taron Legas na watan Mayu, ta kuma nemi sojan Nijeriya su fice, suka fice a watan Yuni. Nijeriya ta mai da martani da makamin da ya fi soja aiki, wato ta tsayar da kai man fetur. Cadi ba ta da teku, ba ta da layin dogo, ba ta kuma fara haƙo nata man ba a lokacin. A taron ƙolin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na Monrobiya a watan Yuli aka hana wakilan Lol zama. Matsin ya yi tasiri. A ranar 21 ga Agusta 1979 ɓangarori 11 suka sa hannu a Yarjejeniyar Legas.

Yarjejeniyar ta ba Goukouni shugabanci, Kamougue mataimaki, ta tanadi zaɓe cikin wata 18, da ficewar sojan Faransa, da kawo rundunar tsaro daga ƙasashen da ba su yi iyaka da Cadi ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe hukunci ne a kan Nijeriya kanta, an kuwa rubuta shi a babban birninta. Da aka kafa gwamnatin a watan Nuwamba, Habre ya sami ma'aikatar tsaro, Asil Ahmad ta harkokin waje. Wato an zaunar da maƙiyin Libiya na farko da amininta na farko a majalisa guda, kowa da rundunarsa a bayan gari. Daga cikin Benin da Gini da Kwango da aka ɗora wa aika soja, Kwango kaɗai ta aika, su ma suka koma gida da zarar harbi ya tashi.

Akwai gaggawa a cikin aikin, kuma dalilinta na cikin gida ne. Sojoji sun yi alkawarin miƙa mulki a ranar 1 ga Oktoba 1979, suna son rufe batun Cadi kafin su tafi. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta gaji takarda mai sa hannu 11 ba tare da wata hanyar tilasta aiki da ita ba. Yadda sunan Cadi ya shiga siyasar Jamhuriya ta Biyu ma abin lura ne. A watan Janairu 1980 aka kama Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin Jihar Barno ɗan jam'iyyar GNPP, aka kai shi Cadi da sunan ba ɗan ƙasa ba ne, har sai da kotu ta mayar masa da haƙƙinsa. Iyakar da Kanuri da Shuwa ba su taɓa ɗauka da muhimmanci ba ta zama sandar dukan abokin hamayya.

5.0 Shigowar Libiya

A watan Maris 1980 faɗa ya sake tashi a Injamena, wannan karon tsakanin Habre da Goukouni. Wata tara aka yi ana ragargaza birnin, jama'a suka tsallake kogin Shari zuwa Kusuri, wasunsu suka wuce Gamboru da Maiduguri. Faransa ta kwashe sojanta a watan Mayu kamar yadda Legas ta nema. A watan Yuni Goukouni ya ƙulla yarjejeniyar ƙawance da Libiya, a tsakiyar Disamba tankokin Libiya suka shiga Injamena, Habre ya gudu. A ranar 6 ga Janairu 1981 aka ba da sanarwa a Tirabulus cewa ƙasashen biyu za su haɗe.

Cikar burin Nijeriya na farko ita ce ta rusa na biyu. An gudu ba a tsira ba. Ta fuskar doka ma hannunta a ɗaure yake, domin gwamnatin da ta gayyato Libiya ita ce wadda aka haifa a Legas, kuma Nijeriya ba ta da wata halattacciyar da za ta nuna in ba ita ba. Lokacin kuma ya zo da muni. A cikin watan Disamba 1980 ne rikicin Maitatsine ya ci dubban rayuka a Kano, jita-jita ta bazu cewa akwai hannun Gaddafi. Hujjar hakan ba ta bayyana ba, amma tsoron ya riga ya shiga. Nijeriya ta kori jami'an jakadancin Libiya a watan Janairu 1981 bayan sun mai da ofishinsu abin da suke kira ofishin jama'a, ta ƙara soja a Barno, ta kuma haɗu da wasu shugabannin Afirka a Lome aka yi tir da shirin haɗewar. Ministan harkokin waje, Farfesa Ishaya Audu, ya duƙufa wajen neman rundunar Afirka da za ta maye gurbin Libiya.

6.0 Rundunar Haɗin Kan Afirka

Taron ƙoli na Nairobi a watan Yuni 1981 ya amince da kafa rundunar. Sabon shugaban Faransa, Francois Mitterrand, ya yi wa Goukouni alkawarin taimako, shi kuma ya nemi Libiya ta janye a ƙarshen Oktoba. Gaddafi ya amsa da saurin da ba wanda ya zata. Cikin makonni kaɗan sojansa suka kwashe, kafin wani ya shirya cike gurbin, Habre kuwa ya taso daga iyakar Sudan ya kama Abeshe.

Ƙasashe shida aka sa ran za su ba da soja. Nijeriya da Senegal da Zayar ne kawai suka kawo, Nijeriya da kaso mafi tsoka, kwamandan rundunar kuma nata ne, Manjo Janar Geoffrey Ejiga. Wannan shi ne karon farko da ƙungiyar ta tura runduna mai wannan girma, kuma ba ta da asusun da za ta ciyar da ita. Nijeriya ta ɗauki nauyin sojanta, abin da aka ƙiyasta ya kai dala miliyan 80, a daidai lokacin da farashin mai ya karye har gwamnati ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a watan Afrilu 1982. Jirage da motoci da sauran kayan aiki sun fito ne daga Amurka da Faransa da Ingila. Amurkar da ke taimaka wa rundunar ita ce kuma ke ba Habre makamai a asirce ta hanyar Masar da Sudan.

Babban saɓanin yana kan ma'anar aikin. Goukouni ya fahimci cewa ya sallami masu yi masa yaƙi ne don a kawo masa wasu masu yi masa yaƙi. Rundunar kuwa ta ce ita ba ta ɗaukar ɓangare. Duk mai adalci zai ga cewa Goukouni yana da abin faɗa: an lallashe shi ya ajiye garkuwarsa, sannan aka ce masa faɗan nasa ne shi kaɗai. A watan Fabrairu 1982 kwamitin ƙungiyar ya zauna a Nairobi ya umarce shi da ya tattauna da Habre, ya kuma sa ƙarshen watan Yuni a matsayin ranar janye soja. Wannan sanarwa ta gaya wa Habre abu biyu: an daidaita matsayinsa da na gwamnati, kuma ba wanda zai tare shi. Mayaƙansa suka riƙa kewaye sansanonin rundunar suna wucewa. A ranar 7 ga Yuni 1982 suka shiga Injamena, Goukouni ya tsallake zuwa Kamaru, sojan Nijeriya suka dawo gida kafin watan ya ƙare.

Za a iya cewa an cim ma buri guda, tunda Libiya ta bar Injamena. Sai dai wanda ya ci ribar shi ne mutumin da aka tsare a Kano shekara uku da suka wuce, kuma bai manta ba.

7.0 Tsibiran Tafki da Abin da Ya Biyo Baya

Farin shekarun 1970 ya janye ruwan tafkin, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960. Tsibirai suka ɓullo inda da ruwa ne, masunta da manoma, ciki har da Hausawa masu yawa, suka bi ruwan suna kafa ƙauyuka ba tare da sanin ƙasar wa suke ciki ba. Hukumar Tafkin Cadi, wadda Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi suka kafa a 1964, ba ta shata iyaka a ƙasa ba. A watan Afrilu 1983 sojan Habre suka hau wasu tsibiran da Nijeriya ke ɗauka nata ne. Manjo Janar Muhammadu Buhari, kwamandan runduna ta uku da ke Jos, ya rufe iyaka, ya kore su, ya kuma bi su cikin ƙasar Cadi har sai da aka umarce shi daga Legas ya dawo. An sake buɗe iyakar a watan Yuli. Rashin jituwar da wannan lamari ya bari tsakanin hafsoshi da gwamnatin farar hula yana cikin abubuwan da ake ambata idan ana maganar juyin mulkin 31 ga Disamba 1983.

A watan Agusta na wannan shekara Faransa ta dawo da dubban soja don kare Habre daga Goukouni da Libiya, aka raba Cadi gida biyu a aikace. Daga nan makomar yaƙin ta koma hannun Paris da Tirabulus da Washintan, har dakarun Habre suka karya Libiya a 1987, Kotun Duniya kuma ta tabbatar wa Cadi zirin Awuzu a 1994. Nijeriya ta koma gefe. Lokacin da Farfesa Ibrahim Gambari ya riƙe ma'aikatar harkokin waje a 1984, aka fito da tsarin da ya sa tsaron gida da maƙwabta na kusa a sahun farko, sauran Afirka a bayansu. A 1990, da yaƙin Laberiya ya taso, Nijeriya ba ta jira Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ba. Ta bi ta ECOWAS inda take da rinjaye, ta aika soja da yawa, ta kuma ba su damar yin faɗa.

A farkon 2015 sojan Cadi ne suka tsallako Barno suka fatattaki Boko Haram daga Gamboru da Dikwa, bisa umarnin Idriss Deby, wanda yake cikin manyan kwamandojin Habre a 1983. Buhari ya karɓi mulki a ranar 29 ga Mayu, kuma a makonsa na farko ya ziyarci Yamai da Injamena. Hedikwatar rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen tafkin, wadda da take Baga, aka kafa ta a Injamena, kwamandanta kuma ɗan Nijeriya.